Yawon Sallah da ƙaninka mai sikila: kar a bar shi a gida, kar kuma a fita da ka

Kowa ya san yadda abin yake. Washegarin Sallah, tun da hantsi gida ya cika da ƙamshin turare da hayaniyar yara. An haɗa kuɗin barka da Sallah, an ƙirga, an sake ƙirgawa, an tsayar da magana: wurin lilo za a je, in kuɗi ya ragu a biya gidan zoo. Kai ne babba, don haka kai Umma ta danƙa wa ragamar tafiyar. Har kun kai zaure sai ka jiyo muryarta daga tsakar gida: "Ban da Auta fa. Ku bar min shi, kar ya je ya jawo mana kwanan asibiti."

Shi kuma yana tsaye da sabuwar shaddarsa da 'yar hularsa, bai ce uffan ba. Ya saba. Anjima da daddare zai karɓi wayarka ya kalli hotunan da kuka ɗauka ba shi.

Idan ba a gidanku ake wannan ba, to ana yi a gidan maƙwabta ko na ƙawarki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 masu cutar sikila, wato amosanin jini, a Najeriya duk shekara, kuma babu ƙasar da ta kai mu. Kusan mutum 1 cikin 4 a ƙasar nan AS ne. Ka ga kenan Auta ba shi kaɗai ba ne a ƙofar zaure.

Kar ka ga laifin Umma. Ita ce ta kwana a kan tabarma a gefen gadon asibiti, ita ta ji kukan da kai ba ka ji ba saboda kana barci. Tsoronta na da dalili. Amma kulle yaro a gida duk Sallah shi ma ciwo ne, kawai dai ba a ɗaura masa ruwa. Yaro mai sikila da jikinsa ke lafiya zai iya zuwa Magic Land a Abuja, ko Gamji Gate a Kaduna, ko gidan zoo na Audu Bako a Kano, ya hau lilo, ya yi ihu, ya dawo gida lafiya ƙalau. Sharaɗin shi ne wanda ya riƙe hannunsa ya san abin da yake yi. A yawancin gidajenmu kuwa ba Baba ke kai yara yawon Sallah ba, yaya ne. Kai ne, ko ke.

Me ya sa wurin wasa ke tayar da ciwon?

Bari mu ɗan shiga aji, ba zan daɗe ba. Ƙwayoyin jinin mai lafiya a zagaye suke, da taushi, suna lanƙwashewa su wuce ta siraran hanyoyin jini, kuma sukan yi kwana 120 kafin su mutu. Na mai sikila, da zarar iskar da suke ɗauke da ita ta ragu ko ruwan jiki ya yi ƙasa, sai su sandare su koma kamar lauje. Ba sa wuce kwana 10 zuwa 20, shi ya sa kullum jininsa bai cika ba, shi ya sa yake riga sa'o'insa gajiya. Idan waɗannan laujuna suka cunkushe a wata siririyar hanya, jini ya kasa wucewa, nan ne ciwon ke tashi: a ƙashin ƙafa, a baya, a ƙirji, a ciki.

Abubuwan da ke tunzura shi sanannu ne: ƙarancin ruwa a jiki, zafi mai tsanani, sanyi musamman na farat ɗaya, gajiya fiye da ƙima, da zazzaɓi ko wata cuta. Yanzu ka tuna yadda wurin wasa yake ranar Sallah. Rana a tsakiyar ka, dogon layi, guje-guje, gumi, ruwan wanka mai sanyi, abincin da ba ka san hannun da ya dafa ba. Kamar an tattaro su ne da gangan an zuba a fili ɗaya. Ga shi kuma Sallolin shekarun nan suna faɗowa ne a tsakanin Maris da Yuni, lokacin da zafi a Kano da Sakkwato da Maiduguri kan haura digiri 40.

To ai ka ga ba lilon ne abokin gaba ba. Abin da ke kewaye da lilon ne.

Shiri tun kafin a ga wata

Abu na farko ba a wurin wasa ake yin sa ba, a asibiti ne. Ranar da za a kai shi ganin likita kafin Sallah, ka bi su, ka yi tambaya da bakinka: muna so mu kai shi wurin wasa, me zai iya hawa, me ba zai iya ba? Ba duk masu sikila ne ɗaya ba. Wani saifarsa ta kumbura, bai kamata abu ya bugi cikinsa ba, don haka motocin nan da ake karo da juna ba nasa ba ne. Wani ƙashin ƙugunsa ya fara lalacewa, tsalle a kan ƙaton balan-balan ɗin nan zai ƙara masa. Wani ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko ana yi masa ƙarin jini a kai a kai, wannan kam sai abin da likita ya ce. Wanda aka sallamo daga asibiti makon jiya kuwa, a haƙura, wurin wasa ba ya gudu.

Ka roƙi likitan ya rubuta 'yar gajeriyar takarda da hatimin asibiti: yaron nan yana da sikila, ba a so ya daɗe a tsaye cikin rana, ga magungunan da yake sha. Ka ɗauki hotonta a waya, ka kuma riƙe ta asalin. Za ka ga amfaninta a gaba.

Sai zaɓen rana. A nan zan faɗi ra'ayina ko da yara za su harare ni: ranar Sallah da washegarinta su ne mafi muni. Cunkoso ya fi yawa, layi ya fi tsawo, masu kula da wurin sun fi fushi. Ku bari sai kwana na huɗu, ko ma Asabar ɗin da ke biye. Kayan Sallah ba sa tsufa a mako guda. Ku kuma isa da zarar an buɗe ƙofa, ku fito kafin rana ta take, ko ku bari sai bayan la'asar. In yamma kuka zaɓa, ku baro wurin kafin sauro ya fito kiwo, domin zazzaɓin cizon sauro a jikin mai sikila ba irin naka ba ne da kake sha wa magani kwana uku ka miƙe.

Ka san asibitin da ya fi kusa da inda za ku, wanda ke da sashen gaggawa na yara, ba kemis ba. Daga Titin Zoo zuwa Asibitin Malam Aminu Kano ba nisa, haka daga Magic Land zuwa Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Ka ware kuɗin adaidaita ko tasi na dawowa a wani aljihu daban, wanda ko an yi maka kukan askirim ba za ka taɓa ba. Wayarka ta kasance da caji. Wannan ba ranar da za ka ƙarar da batir a TikTok tun a hanya ba ce.

Jakar da za ka goya ba sai ta yi nauyi ba: ruwa mai yawa, maganin ciwo da likita ya rubuta masa, ma'aunin zafin jiki, tawul, kayan canji cikakku, 'yar rigar sanyi, hular rana ko lema, abinci daga gida, da katin asibitinsa. Magungunansa na kullum, su folik asid da na rigakafin zazzaɓin sauro da hydroxyurea in yana sha, ya sha a kan lokacinsu kamar kowace rana. Hidimar Sallah na sa a manta, kai ka tuna.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba shi ne kayan Sallar kansu. Sabuwar shadda mai sitaci da malum-malum na yara suna da kyau a hoto, amma tanda ce a cikin rana. A yi hoton a gida, a sauya masa riga marar nauyi. Sabon takalmi kuma na cizo, rauni a idon sawun mai sikila kuwa yakan daɗe bai warke ba, musamman ga waɗanda suka fara tasawa. Tsohon takalminsa da ya saba da ƙafarsa ya fi.

Ruwa, ruwa, sannan banɗaki

Idan ka manta komai a rubutun nan, kar ka manta wannan. Ƙodar mai sikila ba ta iya riƙe ruwa kamar taka. Ko jikinsa na buƙatar ruwan, sai ta ci gaba da zubar da shi, shi ya sa yake yawan fitsari, shi ya sa wasunsu ke daɗewa suna fitsarin kwance. Ba lalaci ba ne. Ma'anar haka a wurin wasa ita ce yana bushewa da sauri fiye da sauran yaran, kuma zai nemi banɗaki fiye da su.

Ga inda matsalar take. Banɗakunan wuraren wasa da yawa, mu faɗi gaskiya, ba sa shiguwa ranar taro. Yaro kuma ba ya son ya zama shi ne mai tsayar da tafiya kowane lokaci, ballantana yarinya da ta fara jin kunya. Sai ya yi dabara: ya daina shan ruwa don kar fitsari ya kama shi. Kai kana ganin ya natsu, ashe ciwo yake gayyata.

Don haka kuna shiga, kafin tikitin lilo, ku fara gano banɗaki da inuwa. Kar ka jira ya ce yana jin ƙishi. Ka sa doka ta kowa da kowa: duk wanda ya sauko daga lilo sai ya kurɓi ruwa kafin a je na gaba. In doka ta hau kan kowa, ba zai ji an ware shi ba. Ka riƙa cewa "ku zo mu je banɗaki" kamar kai ne ka matsu. In fitsarinsa ya yi duhu, ruwa bai isa ba. Lemon kwalba ba ya maye gurbin ruwa, zoɓo da kunun aya na bakin ƙofa kuma ba ka san da wane ruwa aka haɗa su ba. Gudawa ko amai na kwana ɗaya sun isa su kwantar da shi. Ku zo da naku daga gida.

Sanyi ma haka yake, ta inda ba ka zato. Jiki ya yi gumi, sai a faɗa ruwan wanka mai sanyi, ko a shiga mota a ƙure na'urar sanyaya ɗaki, ko a fito daga ruwa a tsaya da jiƙaƙƙun kaya iska na kaɗawa. Hanyoyin jini sai su tsuke, laujunan su maƙale. Yara da yawa masu sikila daga wurin ninƙaya suke samo ciwonsu. In har zai shiga ruwa, ya zama ba mai sanyi ba, kar ya daɗe, kuma kana tsaye da tawul a bakin ruwan, yana fitowa a goge shi a sauya kaya nan take. Lokacin hunturu kuwa a bar maganar ruwa gaba ɗaya. Askirim fa? Wasu ba ya yi musu komai, wasu yana taɓa su. Umma ta san na gidanku, ka tambaye ta.

Maganar layi

A ƙasashen da harkar wuraren wasa ta yi nisa, an tanadi tsari. A wuraren Disney na Amurka, wanda ba zai iya tsayuwar layi ba yakan yi rajista, a ba shi lokacin da zai dawo daidai da tsawon layin, ya je ya zauna a inuwa har lokacin ya yi. Ba tsallake layi ba ne, jira ne a wani wuri. Ko a can ɗin ma ba a gama rigima ba, domin a 2024 kamfanin ya taƙaita tsarin ga masu lalura irin ta otizim da makamantanta, iyalai da dama masu wasu cututtukan suka yi ta ƙorafi. A Ingila ma wurare irin su Alton Towers na da katinsu na musamman.

Mu a nan akwai dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, kuma ta ce a ba su fifiko a layi. Sai dai mai tsaron ƙofar lilo ido yake amfani da shi. In ya ga keken guragu ko sanda zai gane. Mai sikila kuwa a tsaye yake da ƙafafunsa, ciwonsa a cikin jini yake. In ka tunkari mai ƙofa da faɗa a gaban mutane ɗari da suka gaji, kai za a ba rashin gaskiya.

Hanyar da ta fi ita ce tun a ƙofar shiga ka nemi manaja ko wani babba, ka gaishe shi, ka nuna takardar likita, ka faɗi abin da kake so a taƙaice: "Ranka ya daɗe, ba tsallake layi muke nema ba. Ni zan tsaya, shi zai zauna a inuwa, in an zo kaina sai ya shigo." Da wuya a hana ka wannan. In ma ba a samu manajan ba, tsarin na hannunka: wani ya riƙe layi, wani ya zauna da shi. Shi ya sa bai kamata babba ɗaya ya fita da yara shida ba. Ku zama biyu, ko don in ta kama a tafi asibiti a samu mai mayar da sauran gida.

Ka kuma karanta allon gargaɗin da ke jikin kowane abin hawa in akwai. Ku fara da masu sauƙi, jirgin ƙasan yara, dawakin da ke zagaye, babban lilon nan mai kama da taya, ka ga yadda jikinsa ya karɓa. Biyu, a huta. Biyu, a huta.

Yaron da ya iya ɓoye ciwo

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi damuna. Yaron da aka saba barinsa a gida ya san lissafi sarai: in na ce ina jin ciwo, za a kwashe kowa a koma gida, 'yan'uwana za su ji haushina, Umma za ta ce ai dama na faɗa, kuma ba za a ƙara fita da ni ba. Don haka zai daure. Masu sikila sun iya daurewa fiye da yadda kake tsammani, tun suna ƙanana suke koyo.

Kar ka dogara da bakinsa, ka kalli jikinsa. Ya yi shiru bayan da yana surutu? Yana ɗingishi, ko yana murza gwiwa ko hannu? Ya ce "ku je ku hau, ni zan kalla" a kan lilon da ya kwana yana zancensa? Ya tsuguna ya riƙe ciki? Ka ja shi gefe, ba a gaban sauran ba. Tun a gida ma ku yi yarjejeniya ku biyu: in ka ji wani abu ka matsa min hannu sau biyu, ba wanda zai sani, kuma na yi maka alkawari ko mun koma gida yau za mu dawo. Sai ka cika alkawarin. In ka saɓa sau ɗaya, ba zai ƙara faɗa maka ba.

In ƙaramin ciwo ne a hannu ko ƙafa, a zauna a inuwa, a auna zafin jikinsa tukuna, sannan a ba shi maganin da likita ya rubuta, ya sha ruwa, a lulluɓe wurin da tawul a ɗan murza a hankali. Kar a kuskura a ɗora ƙanƙara ko ruwan leda mai sanyi a wurin, kamar yadda ake yi wa ɗan ƙwallo. Ɗumi ciwon ke so. Daga nan a nufi gida, wasa ya ƙare.

Amma akwai alamomin da ba gida ake nufa ba, asibiti ne kai tsaye: zafin jiki ya kai digiri 38 ko ya wuce, ciwon ƙirji, tari ko numfashi da ƙyar, tafin hannu da leɓe sun yi fari fat, jiki ya saki, ko ciki ya kumbura ta hagu, baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ko ƙafa ɗaya ta mutu, ko ciwon kai mai tsanani, ciwon da magani bai taɓa shi ba. Ga yara maza akwai wata da kunya ke sa su ɓoye, wato gaba ta miƙe da zafi ta ƙi kwanciya. In ta kai awa 2 asibiti ne, kuma kai yayansa namiji ka fi kowa dacewa ka gaya masa wannan tun kafin ta faru. Ka kira Umma kana cikin adaidaita, ba kana tsaye kana jiran shawarar dangi ba.

In naku ba sikila ba ce

Tsarin ɗaya ne, kayan jaka ne ke sauyawa. Mai asma, abin shaƙarsa ya kasance a aljihunka, ba a mota ba, ku kuma nisanci hayaƙin janareta da ƙurar dawaki. Mai ciwon suga da ke allurar insulin, guje-guje na saukar da sugansa, ka riƙe alewa ko lemo don in ya fara rawar jiki da gumi, kar kuma a bar allurar a rana. Mai farfaɗiya, kar ya tsallake magani, kar ya yi kwanan zaune daren fita, kar ya shiga ruwa shi kaɗai. In ta tashi, a kawar da abin da zai ji masa rauni, a kwantar da shi ta gefe, kar a cusa cokali ko yatsa a bakinsa, kar a ɗura masa komai. Ka duba agogo, in ta wuce minti 5 asibiti. Yawunsa kuma ba ya sa wa kowa cutar, ko me 'yan kallo za su ce.

Saura waya. Na san hannu na ƙaiƙayi a saka hotonsa a WhatsApp ko Instagram a rubuta "jarumina mai sikila" a jera zukata. Niyyar mai kyau ce. Amma ciwon nasa ne, ba naka ba, kuma abin da ka saka yau 'yan ajinsu za su gani, wata rana ma har dangin wadda zai nema. In ya kai ya fahimta, ka tambaye shi. Mai yiwuwa abin da yake so kawai shi ne hotonsa a kan lilo, baki a buɗe, kamar na kowa.

Kun dawo gida lafiya, an yi wanka da ruwan ɗumi, an ci abinci. Kar ka ce shi kenan. Ciwon da gajiya ko sanyi suka tunzura kan jira sai tsakar dare, ko washegari. Ka ajiye masa gorar ruwa a gefen katifa, ka sauke masa gidan sauro, ka taɓa goshinsa kafin ka kwanta. Da safe ka rubuta a wayarka abin da ya hau, awa nawa kuka yi, ruwa nawa ya sha, da yadda ya kwana. Wannan rubutun za ka nuna wa likita a zuwa na gaba, shi kuma za ka nuna wa Umma idan Babbar Sallah ta matso.